Daga Na'ibawa zuwa Linyi, garin da ake yin allon gadon amarya

Sana'ata sayar da allon MDF da HDF, wato allunan da ake yi da niƙaƙƙen itace da gam, ga kafintoci a 'Yan Katako na Na'ibawa, a Kano. Duk damina sai an dawo mini da ƙorafi iri ɗaya: ƙafar wadirob ta sha ruwa ta kumbura, ko kusa ta ƙi zama a gadon amarya. Shi ya sa bara na ce sai na je na ga inda ake yin kayan da idona.

Jirgin Ethiopian na bi zuwa Addis Ababa, daga can Guangzhou, sannan jirgin cikin gida zuwa Linyi a lardin Shandong. Garin nan ya yi suna wajen allunan katako a Chaina. Tun a hanyar Yitang, yankin masana'antun katako na Linyi, na fara ganin siraran ɓawon itacen popla an jingine su layi-layi suna shan rana, na filawud ke nan. Abinci bai ba ni wahala ba, don shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi ne, kuma ba sa wuyar samu.

A masana'antar da tafintana ya kai ni, rassa da guntayen itace ake saro wa. Inji ya daddatsa su, a dafa da tururi, a niƙa har su zama zare-zare kamar audugar katifa, a gauraya da gam, a shimfiɗa, sai wani ƙaton inji mai zafi ya danne shimfiɗar ta zama falle. Girman da muka saba ne, milimita 1220 a 2440, wato ƙafa huɗu a takwas. Falle mai kaurin milimita 18 yana kusan kilo 40, don haka kwantena takan cika nauyinta tun da sauran wuri a ciki.

Manajan ya ajiye mini guntaye biyu masu fuska iri ɗaya, takardar melamin ɗaya (takardar ado da ake manna wa fuskar allo), launi ɗaya. Na juya gefensu. Ɗaya a matse yake, farce ba ya shiga. Ɗayan ina kankarewa gari na zuba. Muka jefa su a kofin ruwa muka tafi zagaye. Da muka dawo, na biyun ya tashi ya buɗe baki.

Tafinta ya ce, "Alhaji, wannan mai arahar shi mutanenku suka fi oda. Su ke faɗin farashi, masana'anta ta rage nauyi da gam har ya zo daidai." Raina ya ɓaci, domin uban da ya yi shekaru yana tara kuɗin kayan ɗakin 'yarsa ba ya ganin gefen allon, fuskar kawai yake gani. Ga kuma batun formaldehyde, sinadari mai cutar da lafiya da ke fita daga gam: Turawa ba sa karɓar abin da bai kai matakin E1 ba, wato ma'aunin ƙarancin sinadarin a allo, mu kuwa ba kasafai muke tambaya ba.

Na yi odar mai nauyin, E1, da ɗan mai koren ciki wanda ke jure laima saboda masu kabad ɗin kicin. Da dala aka yi ciniki, kaya su tashi daga tashar Qingdao. Tafiyar ruwa zuwa Legas takan haura wata guda, ga kwastan, ga tirela ta kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Na san fallena zai fi na maƙwabtana tsada, don haka na taho da guntayen nan biyu a jaka, in nuna wa kafintoci kafin su taya.