Cire tambari da sitika a jikin mota ba aikin reza ba ne

A shagonmu na folish da gyaran fentin mota a nan Kano, aikin da mutane suka fi rainawa shi ne cire tambari ko sitika, kuma shi ne ya fi kawo mana motocin da aka riga aka ɓata. Mutum zai zo da Corolla ko Accord mai kyau, ka zagaya bayan but ka tarar da zane-zane kamar an yi wa motar kaciya da sukudireba, ka tambaya ya ce ai yaran wankin mota ne suka cire masa, ɗari biyar kawai ya ba su. To Alhaji yanzu ga ɗari biyar ɗin ta haifi feshin but gaba ɗaya.

Yawancin rubutun da kake gani a bayan mota, irin su LE, XLE, V6, 4MATIC, da sunan motar kanta, ba noti ke riƙe da su ba, wani tef ne mai gam baki biyu, mai ɗan soso a tsakiya. Wannan gam ɗin in yana sanyi ya fi ƙarfin farcenka, in ya ji zafi kuma sai ya saki jiki. Shi ke nan sirrin, zafi da haƙuri. Amma fa ba duka ba ne haka, babban tambarin kamfani na gaba da na baya a motoci da yawa yana da 'yan ƙafafu na roba da suka shiga ramuka a jikin ƙarfen, in ka cire sai ka bar huji biyu ko uku a fili ruwan damina na shiga, tsatsa ta fara daga nan. Shi ya sa kafin mu taɓa komai sai mun buɗe but ɗin mun leƙa ta ciki, in akwai huji mu gaya wa mai mota tun da wuri, ko dai a mayar da wani tambarin ko a kai wa mai gyaran jiki ya toshe a yi feshi.

Abu na farko wanki ne, kuma wanki na gaske da sabulun mota da ruwa mai yawa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Ƙurar nan da ta maƙale a gefen haruffa yashi ce, in ka goga ta da tsumma ita za ta karce fentin kafin ma ka fara aiki. Daga nan sai zafi. Mu muna amfani da na'urar busar da gashi irin ta mata, na fi son ta a kan babbar bindigar zafi ta masu feshi don ita waccan in hannun yaro ya tsaya waje ɗaya na ɗan lokaci sai fenti ya kumbura, in a kan bamba ne ma robar ta lanƙwashe. Ana kaɗa ta ne ana yawo da ita, kana taɓa wurin da bayan hannu, ya yi zafin da za ka ji shi amma ba wanda zai ƙona ka ba. In babu wuta, wanda kullum ne, kuma ba a tada janareta ba, ruwan zafi a buta yana yi, ko a bar motar a rana ta ɗauki zafi sannan a turo ta inuwa. A watan Afrilu kam rana ta gama mana rabin aikin.

Sai zare. Zaren kamun kifi na nailan muke sa wa, a naɗe shi a 'yan sanduna biyu don kar ya yanka yatsa, a zura shi ta bayan harafin a riƙa ja hagu da dama a hankali yana yanka soson, hannu yana ɗan janyowa wajenka don zaren ya goga bayan tambarin ba jikin fentin ba. Harafi ɗaya bayan ɗaya. Ba a ɓanɓarowa, ba a sa ƙarfe ko kaɗan, in ya zama dole a ɗan ɗaga to tsohon katin ATM ya isa.

Maigidana da ya koya min sana'ar nan, Allah ya ji ƙansa, tsohon ma'aikacin fenti ne tun zamanin da Fijo 504 da 505 na Kaduna suka cika titi, ya ga zakin Fijo iri-iri. Ba ya barin yaro ya taɓa motar kwastoma sai ya daɗe yana koyo a kan tsofaffin ƙofofi da murfin but da ya tara a bayan shago, a nan muke manna sitika mu cire, mu sake mannawa mu cire, shi yana zaune a benci da rediyonsa, in ya taso sai ya shafa wurin da tafin hannu ido a rufe, in ya ji ɗan danƙo ya ce a sake. A wurinsa na fara jin cewa fentin mota hawa-hawa ne, akwai na ƙasa, akwai kalar, sannan akwai kiliya a sama mai ba da ƙyalli, kuma wannan kiliyar ta kamfani kaurinta bai kai na takardar littafi ba. Duk wanda ya san haka ba zai ɗauko reza ba.

Bayan tambari ya fita, sauran gam ɗin ne aikin. Mafi yawa da babban yatsa muke murza shi yana dunƙulewa yana fita tun yana da ɗumi, abin da ya rage a ɗiga masa maganin cire gam ko WD-40, ko ɗan kananzir a tsumma mai laushi, a bar shi ya jiƙa na 'yan mintuna a share, sannan a sake wanke wurin da sabulu nan take. Tina kuwa, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, haramun ce a shagona. Wallahi abin da ya fi ƙona min rai ke nan, yaran bakin titi da kwalbar tina da reza a aljihu, minti biyu sun gama, wurin ya dushe ya yi fari-fari, in motar an taɓa yi mata feshi ma sai kalar ta biyo tsumman. Kuma su ne ke sa kwastoma ya zo yana ce min haba malam, ɗan wannan abin ne za ka ce kaza? Ni kuma na ce ranka ya daɗe ba kuɗin cirewa kake biya ba, kuɗin kar a ga alamar an cire ne.

Wani abu da nake faɗa wa kowa kafin na fara shi ne maganar inuwa. Fentin da ke ƙarƙashin tambari bai taɓa ganin rana ba tun daga kamfani, na kewaye kuma ya sha ta shekara goma ko sha biyar, to in aka cire sai ka ga sunan motar ya fito raɗau da kala mai duhu. Jar mota ta fi kowacce yin haka, farar kuma sai kewayen ya yi ɗan rawaya. Kamfawun mai laushi, wato man goge fenti, da injin folish kan rage shi sosai, wani lokaci ya ɓace, amma in rana ta ci kalar can ƙasa ba na matsa wa inji don in faranta wa mutum, gara ya tafi da 'yar inuwa da in cinye masa kiliya. Ƙarshe a shafa kakin mota don wurin ya samu kariya.

Sitika ma haka take, sai dai ita daga kusurwa ake kamawa a ja ta kwance a hankali tana naɗowa a kan kanta. Bayan zaɓen 2023 mun sha wannan aikin, motoci da bas-bas da aka lulluɓe da hotunan 'yan takara, masu arhar nan da rana ta gasa su suna fita gutsi-gutsi. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka ta Kwatano ko Legas su ma suna zuwa da tambarin dilan can a manne a but. A gilashi ta waje sabuwar reza da ruwan sabulu ba laifi, amma gilashin baya ta ciki kar a kuskura, siraran layukan nan wayoyin ɗumama gilashi ne, in an yanke sun mutu, in akwai tintet ma ya yage.

Masu son a mayar da tambari ko a sa sabo, muna fara kewaye gurbin tsohon da tef na takarda kafin mu cire don ya koma daidai inda yake, mu goge wurin da sifirit, mu sa tef na 3M na asali. Nan ma ana fama, jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, jar ledar bayan tef ɗin iri ɗaya, sati biyu a rana harafi ya fara zamewa. Sufa gulu kuma in ka ɗiga a fenti yana iya ɓata shi har ya kai ga feshi. In an manna sabo a bar motar kwana biyu zuwa uku ba wanki, in kuma sabon feshi ne a jira kamar wata guda tukuna. Masu zuwa a cire LE a manna musu XLE, wato a nuna motar ta fi matsayinta, don za su sayar da ita, wannan kam ba da ni ba, sai dai su nemi wani shagon.