Ɗauko ƙwallon ka kai ta tsakiya

Cikin watan Yulin 2022 na sauka Jidda, wajen ƙarfe biyun dare, amma ina fitowa daga filin jirgi sai na ji kamar an lulluɓa mini jiƙaƙƙen bargo. Zafin Kano na san shi, busasshe ne. Na nan haɗe yake da danshin Bahar Maliya, kana tsaye gumi na tsiyaya. Lodin kaya ya kawo ni, a wani sito. Doka ta hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, sai dai cikin siton ma tanderu ne.

Wata biyu ban ga albashi ba, igama, wato takardar izinin zama, kuma ta ƙi fitowa, daga aiki sai ɗaki. Larabcin da na koya a Islamiyya daban, na bakin titi daban, in mai kula da mu ya yi magana da sauri sai in tsaya ina kallon bakinsa. Da dare ina kwance ina lissafin bashin da aka ciwo aka turo ni. Wallahi har jakata na fara haɗawa.

Abin da ya riƙe ni tsohon darasin fili ne. Shekara shida na yi ina buga baya a ƙungiyar unguwarmu, kuma kocinmu yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: in aka zura mana ƙwallo, ba mai ɗora hannu a ka, ba mai harare gola. Wanda ya fi kusa ya shiga raga ya ɗauko ta, ya kai tsakiya da gudu. Har atisayen abin yake sa mu. Bayan mun gama zagaye ƙafafu na rawa, sai ya ce, "An ci ku biyu, saura minti goma, ku buga." A lokacin mugunta muka ɗauke shi. Sai a Jidda na gane zuciya yake horarwa, don ita ma kamar cinya ce, da nauyi take ƙwari. Na daina hangen shekara biyun kwantiragi, na koma neman yadda zan kai azahar, daga nan in kai isha.

Wani dattijo mai shayi kusa da masaukinmu, haifaffen Makka, wanda kakansa ya zo ta ƙasa, ta hanyar Sudan, shi ya lura da ramata. "Ɗana, zaman ɗaki ke cin ka," in ji shi. "Yaranmu na buga ƙwallo daren Juma'a bayan isha, je ka." Na ce, "To, Baba." Takalmin aro na sa ranar farko.

Ran 22 ga Nuwamba, Saudiyya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Katar. Mu bakwai muka duƙufa kan waya ɗaya a bakin sito. Minti goma da take wasa Messi ya ci da fenariti, ga shi Ajantina ta yi wasa 36 a jere ba a doke ta ba. Kowa ya ce za a sha ruwan ƙwallaye. Ni kuwa 'yan bayan Saudiyya nake kallo. Duk da an ci su, ba su ja da baya sun cushe a gida ba, suka ci gaba da tsayawa can gaba a layi ɗaya, har aka soke wa Ajantina ƙwallaye uku saboda satar gida. Wanda ya taɓa tsaron baya ya san irin ƙarfin halin da wannan ke buƙata, domin mutum ɗaya ya tsorata ya koma, an gama da ku. Aka dawo hutu, Al-Shehri ya farke a minti na 48, Al-Dawsari ya ƙara a na 53. Saudiyya ta yi nasara, Sarki Salman ya ba da hutun washegari.

Yanzu igama na aljihu, bashi ya kusa ƙarewa. Makon jiya wani yaro daga Sakkwato, watansa ɗaya da zuwa, ya tsaya mana a raga, ƙwallo ta zille masa ta tsakanin ƙafa. Ya durƙusa ya rufe fuska. Na shiga ragar na ɗauko ta, na dafa kafaɗarsa na ce, "Tashi ƙanena, da sauran lokaci." Da aka tashi na ja shi wurin Baba muka sha shayi, a nan ya faɗa mini shi ma albashinsa bai fito ba tukuna.