Kawu ya ce kiwon ɓera na zo yi Amurka

A wurin suna Kawu ya faɗa, gaban jama'a, ƙanena ya turo min muryar ta WhatsApp: wai an sayar da gonar fadama an tura yaro Amurka karatu, ashe kiwon ɓera ya je yi. An taɓa kira na ta bidiyo ina ɗakin gwaji, suka hango keji a bayana, shi ke nan. Wallahi maganar ta tsaya min a wuya har yau.

Da zai ba ni aron kunnensa, da na faɗa masa abin da ɓerayen nan ke yi. Idan aka saka wa jiki ƙwayar gado (gene, wato ƙwayar halittar da ake gada daga iyaye) don magani, ta ina za a san ta kama aiki? A da sai an kashe dabbar an yanka naman an duba. Mu kuwa muna haɗa ta da wata ƙwayar gado mai kai rahoto, HSV1-tk, wadda aka ciro daga ƙwayar cutar hapis. Sai mu yi wa ɓeran allurar wani sinadari, FHBG, mai ɗauke da filorin-18 mai fitar da hasken rediyeshan, ta jijiyar wutsiya. Duk inda ƙwayar ke aiki, nan sinadarin zai maƙale, na'urar PET mai ɗaukar hoton cikin jiki ta kama haskensa. Ɓeran na kwance cikin barcin magani, cikinsa na ɗagawa a hankali, ni kuma ina kallon hantarsa tana haske a allon kwamfuta. Mako na zagayowa in sake ɗaukar shi, yana nan da ransa. Da wannan dabara ce su marigayi Sam Gambhir na jami'ar Stanford suka bi sawun ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin kan mai sankarar ƙwaƙwalwa, suka buga a 2009. Wannan ne kiwon ɓera?

Filorin-18 ba ya jiran kowa, duk minti 110 rabinsa ya tafi, dole a yi aiki da shi da zarar ya iso. In an kawo shi ranar Juma'a da hantsi, sai dai in yi azahar ni kaɗai a lungun ofis. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda zai ce ya aka yi ba mu gan ka a masallaci ba. Rashin mai tambayar nan ya fi komai ci min rai.

Hajiya ba ta ce uffan ba kan maganar Kawu, amma na san ta ji. Ita da ta yi jinyar Baba tana ta jigila tsakanin Gusau da Zariya, sai da ciwon ya ci jikinsa kafin a gane sankara ce. Gonar ma rabonta ce na gado, ba ta Kawu ba, ita ta ce a sayar. Jiya da muka yi waya cewa ta yi, "Kai dai ka riƙe sallah, ka ci abinci." Sai ta shiga lissafin kayan ɗakin Auta, bikin ya matso bayan babbar sallah, gado da katifa sun yi tsada. Na ce ta bar min wannan, in an biya mu ƙarshen wata zan turo.