Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ranar da Likita Ya Yanka

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda 'yar ƙanena ta dawo daga awo da kati a hannu, an yanka mata ranar da za a tayar da naƙuda saboda sugan ciki. Yau zancen nata ne, da abin da na zaunar da ita na warware mata a tsakar gida a Tudun Wada, irin bayanin da aikin ungozoma ke koya wa mutum.

Kwana uku ba ta runtsa ba. Ta ce, "Gwaggo, an ce ruwan naƙuda ya fi naƙudar Allah da Annabi azaba, kuma daga shi sai wuƙa." Na ce, "'Yar nan, miƙo katin."

Cikinta na sati 26 aka ba ta ruwan gulukos giram 75 bayan ta kwana ba ta ci komai ba. Awon farko ya nuna 5.6, alhali daga 5.1 ake cewa akwai suga. Gyaran abinci bai riƙe shi ba, aka ɗora ta a kan metformin, ƙwayar sauke suga, shi ya sa ranarta ta faɗo a sati 39. Wadda abinci kaɗai ya isar mata ana iya barinta har sati 40 da kwana shida. Wadda sugan ya ƙi kwanciya, ko hawan jini ya haɗu da shi, ana sauke ta tun sati 37 ko 38.

Dalilin gaggawar shi ne sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, amma insulin ɗinta, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ba ya ratsawa. Sai jikin yaron ya yi nasa da yawa, ya tara kitse a kafaɗu da ciki. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, wannan ne abin da muke gudu. Daga kilo 4 ake kiran jariri babba, in kuwa sikanin ya nuna ya kai kilo 4.5, likita zai kawo zancen tiyata tun kafin naƙuda.

A nan kakarta ta sa baki daga ɗaki, wai a jiƙa mata maganin zaƙi. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Ba a tabbatar jiƙon nan yana sauke suga ba, wani ma murɗa mahaifa yake yi, kuma ba wanda ya san ƙarfinsa. In ya haɗu da na asibiti, mahaifa na iya ɗaurewa ba sassauci. Wadda ta riga ta sha ta faɗa wa nas, ba dukanta za a yi ba.

Ba kuma ruwan naƙuda ake fara sa wa mace ba. Da farko ana saurarar bugun zuciyar jariri, ana so ya kasance tsakanin 110 da 160 a minti. Sai a duba bakin mahaifa: ya yi laushi, ya gajarta, ya fara buɗewa? In bai nuna ba, sai a nunar da shi, kamar mangwaron da aka tsinko da sauran tauri. Hanya ɗaya ita ce misoprostol, maikurogiram 25 kacal, ta baki duk awa biyu ko ta ƙasa duk awa shida. Ƙwayar da ke kemis 200 ce, ninki takwas ke nan, don haka ake narka ta a ruwa mililita 200 a ba da mililita 25. Wadda ta saya ta haɗiya a gida ta ɗauko wa kanta haɗarin fashewar mahaifa. Mai tabon tiyata kuwa ba a ba ta shi sam.

Hanya ta biyu robar fitsari ce mai balan-balan a baki. Ana zura ta a bakin mahaifa, a cika balan-balan ɗin da ruwa mililita 30 zuwa 60, a manne jelar a cinya. Matsin balan-balan ɗin ke buɗe hanya a hankali, in an kai wajen santimita 3 sai ta faɗo da kanta.

Wannan matakin shi ne ke karya wa mata zuciya, don yana iya cin yini da kwana, wani lokaci kwana biyu, ba abin da ya motsa sai ciwon mara kamar na al'ada. 'Yan dubiya su yi ta waya, "Har yanzu shiru?" Shirun nan ba gazawa ba ne, aikin ke nan. Na ce ta miƙa wayarta ga mijinta, shi ya riƙa amsawa.

In hanya ta buɗe sai a fasa faya, sannan a ɗaura ruwan naƙuda, wato oksitosin, kuma ba a ɗaura shi sai an yi aƙalla awa huɗu da misoprostol na ƙarshe. Ana farawa da ɗigo kaɗan, a ƙara duk minti 30, har ciwo ya riƙa zuwa sau uku ko huɗu cikin minti goma. In ya wuce sau biyar, ko ya kama ya ƙi saki, a kira nas nan take: za ta rage ko ta tsayar da ruwan, ta kwantar da mace a gefen hagu. Ban ɓoye mata ba, ciwonsa yana zuwa kusa da kusa. Amma akwai allurar rage zafi, kuma neman ta ba raki ba ne. Kunyar haihuwar fari ta sa 'yan mata da yawa cije zani a banza.

Suga kuma ana auna shi duk awa, ana so ya tsaya tsakanin 4 da 7. In ya haura, jariri kan fito da insulin mai yawa a jiki, ana yanke cibi sugansa ya faɗi. Maganin haka a sa shi a nono cikin minti 30, a ci gaba duk awa biyu zuwa uku, a auna sugansa bayan awa biyu zuwa huɗu. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar, shi ne abin da yake buƙata.

Kafin ranar na sa ta rubuta tambayoyi a bayan kati: da wace hanya za a fara, yaushe za ta sha metformin na ƙarshe, za ta ci abinci da safe ko a'a, awa nawa za a jira kafin a canza shawara. Mijin ya tanadi mai ba da jini da kuɗin ko-ta-kwana, don tiyata na iya tasowa, kuma gara a sa hannu da natsuwa. In faɗuwar gaba ta taso da dare, ta ja numfashi ta hanci ta ƙirga huɗu, ta saki ta baki ta ƙirga shida, sau goma, ta bi da azkar ɗinta. In kuwa motsin yaro ya ragu, ko jini ko ruwa ya zubo, ko kai ya sara ido ya yi duhu, ba a jiran ranar kati, ko da tsakar dare ne.

Ranar Talata bayan asuba muka tari Keke Napep. Nas ta duba ta, ta cire safar hannu, ta ce, "Hajiya, bakin nan a rufe yake gam, roba za mu sa." Yarinya ta juyo ta kalle ni, ta ce, "Gwaggo, mai balan-balan ɗin?"

Yadda daren ya kaya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.