Wa ke da ikon taɓa littafin bashi?

Aikin da na fi samu a nan Katsina shi ne rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji: mai shagon magani, mai sayar da siminti, da wani dillalin taki da ke ba manoma bashi sai kaka su biya. A wannan aikin na gane cewa gardamar da ake yi kan salon rubuta manhaja tambaya ɗaya ce take haddasa ta: bayan an rubuta lamba, wa ke da ikon canza ta?

Salon da ya fi daɗewa shi ne jera wa kwamfuta umarni. Karanta farashi, ninka da yawan buhuna, rage kayan sito, ƙara a bashin wane. Fortran, yaren rubuta manhaja da John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, haka yake, haka ma yaren C na Dennis Ritchie da ya zo a 1972. Ga ƙaramin shago babu abin da ya kai shi sauƙi. Amma manhaja na girma, jimillar bashin tana nan zaune a fili, kowane sashe na iya kai mata hannu. Ran da Alhaji ya bugo waya ya ce, "Injiniya, lissafin nan fa ya ƙi," sai ka kwana kana bin layi ɗaya bayan ɗaya, kana neman inda aka taɓa ta.

Maganin wannan ne ya haifar da salon da ɗalibai ke kira OOP, wato raba manhaja zuwa abubuwa, kowane abu yana riƙe da bayanansa. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka faro shi a Norway da yaren Simula a 1967, Alan Kay ya faɗaɗa shi da Smalltalk, sannan Java ya baza shi duniya daga 1995. A nan kowane abokin ciniki yana riƙe da bashinsa a cikinsa, ba mai taɓawa sai ta ƙofar da aka tanada, ta ƙarin bashi ko ta karɓar biya. Kamar a damƙa wa yaron shago ɗaya makullin akwatin kuɗi ne: in an ga giɓi, an san wanda za a tambaya. Tunanin yana da kyau. Yadda ake koyar da shi ne ke ba ni haushi. Yaro zai zo mini koyon aiki ya haddace misalin gado, inda wani abu a manhaja ke gadon halayen wani, cewa Kare ya gaji Dabba, Kyanwa ma ta gaji Dabba, amma ka ce ya fitar maka da jimillar cinikin rana ɗaya, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Wani kuma ya gina gado bisa gado har ka rasa a wane hawa ake lissafin rangwame.

Na uku, salon fankshan (fankshan ɗan guntun manhaja ne da kake ba shi abu ya dawo maka da amsa), shi ne ya fi yi mini amfani a wajen dillalin takin. Tushensa na cikin lissafin Alonzo Church na shekarun 1930, John McCarthy ya shigo da shi kwamfuta da Lisp a 1958, Haskell kuma ya zo a 1990 da tsananinsa. Ƙa'idar ita ce ba a goge abin da aka rubuta, kuma in ka ba fankshan abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai dawo maka da ita kullum. Don haka ban ajiye wata lamba mai suna ragowar bashi ba. Na ajiye jerin abin da ya faru: ran kaza ya ɗauki buhu shida, ran kaza ya kawo rabi, ran kaza ya mayar da buhu ɗaya da ya jiƙe. Ragowar, duk lokacin da aka nema sai a lissafo ta daga jerin. Manomi ya taso daga Batagarawa ya ce, "Alhaji, ai na rage da watan azumi," sai a juya masa allon ya gani da idonsa. Duk wanda ya taɓa rubuta SUM a Excel ya ɗanɗana wannan salon, ya sani ko bai sani ba. Yaren Erlang da kamfanin Ericsson ya ƙirƙira a 1986, wanda aka gina WhatsApp a kansa, shi ma ɗan gidan ne. Sai dai ba zan rubuta wa ɗan kasuwa manhaja da Haskell ba. In na yi tafiya, wa zai gyara masa?

Yaren Python nake amfani da shi, don yana ɗaukar duka ukun. Ai Java ma tun 2014 ya ari wasu dabarun fankshan, saboda haka mai cewa dole a zaɓi gida ɗaya ya makara.

Akwai na huɗu da ba a cika sa shi a gardamar ba, wanda kake faɗin abin da kake so kawai, kwamfuta ta nemo hanya. SQL ke nan, yaren tambayar rumbun bayanai, wanda ya samo asali daga aikin Edgar Codd na 1970: ba ni duk wanda bashinsa ya haura dubu hamsin. Ni kuwa shi nake fara koya wa yaran da ke zuwa wurina, saboda wutar lantarki. In aka ɗauke wuta bayan an rage kayan sito amma ba a kai ga rubuta bashin ba, buhu ya ɓace ke nan a lissafi. Da SQL kana iya ɗaure matakan biyu wuri ɗaya, ko su shiga tare ko a fasa duka.