Da filashi a aljihu nake zuwa sayen kwamfuta yanzu

Ina da ɗan aji a unguwar Nima da ke Accra, inda nake koya wa yaran unguwa taɓa kwamfuta bayan sun taso daga Islamiyya. Linux muke amfani da shi, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows amma na kyauta, domin ba mu da kuɗin lasisi, kuma raina bai kwanta da in ɗora yara kan manhajar sata ba. Na ɗauka tunda kyauta ne, kuma tun 1991 da Linus Torvalds ya fara shi ake ta gyara shi, kowace na'ura aka ɗora masa za ta karɓa. Wannan zaton ne ya ja mini wahalar wata uku.

Laftof ɗin farko na saye shi ne don kyan jikinsa. Na dawo gida na ɗora masa Linux Mint, wani nau'i na Linux, komai ya tashi lafiya lau, sai waifai. Ko alamarsa babu. Ashe ɗan katin waifai da ke ciki na wani kamfani ne da bai buɗe direbansa ba, wato ƴar manhajar da ke sa katin ya yi magana da tsarin. Ga shi kuma sai da intanet za ka sauko da direban da zai ba ka intanet. Na jona wayata da igiya na ari nata, na sauko da shi, ya yi aiki. Bayan mako biyu aka sabunta tsarin, waifai ya sake ɗaukewa ana tsakiyar darasi, yara goma sha biyu sun zuba mini ido. Abin ya yi mini ciwo, don wasunsu tun daga Mamobi suke takowa.

Wani mai gyara a Circle ne ya raba ni da matsalar. Ya kwance bayan na'urar, ya nuna mini katin da bakin sukudireba. Bai fi farcen babban yatsa biyu ba, da siraran wayoyi biyu maƙale a jikinsa. Ya ce, "Malam, sunan da ke kan murfi ba shi ke aiki ba, waɗannan ƙananan ne." Ya cire shi ya sa na Intel, wanda direbansa yana cikin Linux tun asali. Kafin ya gama ɗaure kusoshi waifai ya kama.

Da iyayen yara suka haɗa kuɗi don mu ƙaro guda huɗu, ban sake zuwa hannu rabbana ba. Na zuba Linux Mint a filashi, na hau trotro, motar haya, zuwa Tip Toe Lane, layin masu sayar da wayoyi da kwamfuta a Circle. Amfanin filashin shi ne kana iya tayar da kwamfuta daga kansa, ka gwada komai, ba tare da ka taɓa abin da ke cikin faifanta ba. Mai shagon farko ya ƙi, yana tsoron bairos. Na biyu, dattijo ne ɗan Sabon Zango, ya jawo mini kujera ya ce, "Ɗana, gwada son ranka, kayan da ke tsoron gwaji ba kaya ba ne."

Na kusa awa biyu a wurinsa. Kowace na'ura in danna maɓallin F12 tana tashi, in zaɓi filashi, in jira. Sai in duba waifai, sauti, kyamara, maɓallan ƙara haske da rage shi. In buɗe tagar umarni in rubuta lspci, ta jero mini sunayen abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Inda na ga ɓangaren hoto na Intel ne ko AMD, hankalina ya kwanta, domin direbobinsu buɗaɗɗu ne. Masu Nvidia na bar su. Suna aiki, amma galibi sai ka ɗora direban kamfanin daban, kuma ajin da ake koyon rubutu da lissafi ba ya buƙatar wannan ƙarfin. Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne rufe murfi: in rufe, in ƙirga ashirin, in buɗe. Biyu sun farka da baƙin allo, na tura su gefe. Yaro ba zai tuna ya adana aikinsa kafin ya rufe ba.

Akwai wata da ta burge ni ƙwarai, amma Linux bai ga faifanta ba sam. Maganin yana da sauƙi, a shiga BIOS, wato saitin na'urar na asali da ake shiga kafin tsarin ya tashi, a sauya saitin faifai daga RST zuwa AHCI. Sai muka tarar an kulle BIOS ɗin da kalmar sirri tun daga ƙasar da aka kawo ta, dattijon ma bai san ta ba. Dole na haƙura.

A ƙarshe ThinkPad T470 na ɗauka guda huɗu, na hannu, kowace da RAM giga 8 da faifan SSD. Fitar 2017 ne, Windows 11 ba ya karɓarsu a hukumance don yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Masu saye da yawa suna kauce musu saboda haka, alhali a kan Linux gudu suke yi. Ga batir biyu, na ciki da na waje wanda ake zarewa, abin da duk wanda ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, zai yaba.

Firinta ma ban saye ta ba sai da na tabbatar tana da AirPrint, fasahar buga takarda ta waifai, don irin waɗannan Linux na ganinsu ta waifai ba tare da an ɗora komai ba. Na'urar karanta yatsa da ke jikin biyu daga cikin laftof ɗin ban ma damu da ita ba.

Ranar da muka kunna su a aji, na shiga saitin madannai na zaɓi tsarin Hausa na Gana, wanda yake zuwa cikin Linux. Wata yarinya ta rubuta "ƙofa" da ƙ ɗinta mai lanƙwasa, ta goge, ta sake rubutawa, sannan ta kira ƙawarta ta zo ta gani.