Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Akwatin da Aka Hana Ni Buɗewa

Makon jiya na tsaya a kan auren Yaya Halima, amma ku yi mini haƙuri, yau zan tsallake. Jikana ne ya nuna mini hoton JF-17, jirgin yaƙin da Pakistan da Sin suka ƙera, a wayarsa, tun daga nan maganar Baffa Maƙeri ta hana ni barci. Duk maƙwabcin da ya zo aron gatari, sai Baffa ya miƙa masa ya ce, "Kayan aro ba ya rufe katara."

Ban san nauyin maganar ba sai a Makurɗi, ina ƙaramin makanikin jirgin yaƙi. Lokacin ga MiG-21, ga Jaguar 18 da aka sayo, wanda Ingila da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera. Akwai wani baƙin akwatin lantarki da yake ba mu wahala, an ɗiga jan fenti a kan kowane notinsa. Ran nan na ɗauki sukudireba zan leƙa cikinsa, sai wani Bature ya dafe mini hannu, wai ba a buɗe shi a nan, sai an mayar ƙasarsu. A gaban yarana ya yi mini haka. Ni da na tashi a gindin zugazugi, wanda tun ina shekara tara nake kwance rediyon Baffa ina mayarwa! Wata bakwai muna jiran akwatin nan, jirgi na zaune a rumfa, muna share masa ƙura.

Su ma mutanen Pakistan sun sha irin wannan. A 1990 Amurka ta riƙe musu jiragen F-16 ɗin da suka biya kuɗinsu. Sai suka nufi Sin, suka ƙulla yarjejeniya a 1999, injiniyoyinsu suka tare a birnin Chengdu na Sin aka zana JF-17 da su. Ya fara tashi a 2003, a 2009 kuma masana'antarsu ta Kamra ta fitar da na farko da aka harhaɗa a gida. Kashi 58 cikin ɗari na gangar jikinsa su suke yi. Injin dai, RD-93, na Rasha ne, ko su katararsu ba ta gama rufuwa ba, Baffa. Amma an bar su sun buɗe akwati.

Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa, da aka harhaɗa Air Beetle a Kaduna. Ƙaramin jirgin koyo ne, amma na yi hawaye da na ga hannun yaranmu a jikinsa.

Da aka karɓi JF-17 guda uku a Makurɗi a Mayun 2021 na daɗe da yin ritaya, a talabijin na gani. Hajiya ta ce, "Malam, ba ka murna ne?" Na ce ina yi, kawai ina neman fuskar makanikan ne a bayan manya.

Sukudireban nan tana cikin adakata har yau, tare da guduma ɗaya ta Baffa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma gidan Yaya Halima.